Kafin ka miƙa kuɗin gida, kai wanda ya san gini ya duba maka



Akwai wata ɗabi'a tamu da ke ba ni mamaki. In ɗayanmu zai sayi moto na hannu, ba ya tafiya shi kaɗai. Sai ya ɗauko makaniki, a tada inji, a saurari kukansa, a leƙa ƙasa ko mai na zuba. In ragon layya ne, sai an buɗe baki an ga haƙora, an taɓa gadon baya. Waya ta jikka talatin ma sai an gwada kamara, an gwada batir, an kira wani a ji ko murya na fita. Amma ranar da mutum zai sayi gida, abin da ya yi shekara goma ko ashirin yana tara kuɗinsa, sai ya tafi daga shi sai dillali. Ya zagaya minti ashirin, ya ga fenti na ƙyalli, karo na sheƙi, ya ce "ya yi min." Shi kenan an gama bincike.

Ina da ɗan kawu da ya yi shekara tara yana aikin ƙarfi a Aljeriya. Ya dawo ya sayi gida a Maraɗi cikin watan Maris, rani tsagwaronsa. Ɗaki uku da falo, sabon fenti ciki da waje. Mun je mun ci abincin tarewa, mun yi addu'a. Ruwan farko mai ƙarfi na watan Agusta, sai ga ruwan titi yana shigowa ta ƙofar gida, don ashe tsakar gidan ta fi titi zurfi. Bayan kwana uku katangar baya ta zube, a nan muka ga ashe tubalin laka ne aka shafe da siminti. Bangon ɗakin yara ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, amma iyalin sun koma haya wata huɗu. Dillali ya ce shi ma haka ya gan shi. Mai gidan ya bar gari. Tsohon maginin da muka kira don gyara ya ƙwanƙwasa bango da bayan guduma sau biyu, ya dubi ɗan kawun nawa ya ce: "Ɗana, mi ya hana ka kira ni tun kafin ka biya? Ai wannan ko yarona ya buga zai gaya maka."

Wannan tambayar ita ta sa ni wannan rubutu. Ra'ayina a fili yake: duk wanda zai sayi ginannen gida a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni ko ina ne, kada ya ba da ko kafin alƙalami sai ya biya masanin gini nasa na kansa ya duba gidan, ya rubuta masa abin da ya gani.

A wasu ƙasashe abin ya zama al'ada. A Amurka mai saye ne ke ɗaukar mai duba gida, ya yi awa biyu zuwa huɗu yana bin gidan daga rufi har tushe, ya ba da rahoto da hotuna, kuma galibi ana sa sharaɗi cikin yarjejeniya cewa in an ga babban aibi mai saye na iya janyewa. A Faransa doka ce ta tilasta wa mai sayarwa ya kawo takardun gwaji, kamar na wayoyin wuta da gas in sun tsufa, da na gara a yankunan da take. Mu nan ba mu saba ba. Kuma masanan muna da su. Muna da injiniyoyin gini, da masu zanen gini, da teknisiyan da suka fito daga makarantunmu, kuma a Yamai akwai ɗakin gwaji na ƙasa da ke auna ƙarfin kankare da yanayin ƙasa. Abin da babu shi ne al'adar kiransu kafin ciniki. Kullum sai bayan bango ya faɗi.

To mi masanin yake dubawa da ni da kai ba mu gani?

Na farko, wurin da gidan yake, tun kafin a taɓa bango. Wannan ne ya fi komai a ƙasarmu. Maraɗi da kanta shaida ce: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tada tsohon gari daga kwari aka hau tudu. A farkon Satumba 2020 kogin Isa ya kai tsawon da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, shingen Lamorde ya ɓalle, unguwannin Harobanda suka cika da ruwa. Daminar 2024 kuwa kowa na tune: kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyon ɗaya da rabi abin ya shafa, tsohon masallacin Birnin Damagaram da ya tsaya tun ƙarni na 19 ya rushe, har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Da yawa cikin waɗanda suka rasu gini ne ya faɗo musu suna ciki. Don haka masani yana fara duba gangaren unguwa: ina ruwa ke fitowa, ina yake bi, tsakar gida ta fi titi tudu ko kwari, akwai kanibo ko babu, in akwai ya toshe ko yana aiki. Yana duba katangun maƙwabta, don ruwa yakan bar zanensa a jikin bango, kuma maƙwabci bai yi sabon fenti don ya ruɗe ka ba. Yana tambayar tsofaffin unguwa mi ke wurin kafin gini. Wurare da yawa a garuruwanmu tsohon kududdufi ne da aka ɗebi ƙasar gini, aka cike shi da shara, aka zo aka yanka parsel a kai. Gidan da ke kan shara zai ci gaba da zama ƙasa a hankali, ko wane irin siminti aka sa masa.

Na biyu, tsagar bango. Akwai ƴar siririya kamar gashi da ke kan shafe kaɗai, wannan gyaran kwana ɗaya ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko mai bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ta ratsa bango ana ganinta ciki da waje, ko wadda tsabar dala ashirin ke shiga cikinta. Irin wannan tana nuna tushe ne ke motsi. Ƙasar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, in fondasiyon ba ta yi zurfi ba, kuma ba a ɗaure ginin da shenaj na ƙarfe da kankare sama da ƙasa ba, bango ne ke biyan bashin. Masani ya san inda aka cike tsaga aka shafe, don hasken tocila a gefen bango yana tona wurin. Ƙofar da ba ta rufuwa daidai da karon da ya kumbura a tsakar ɗaki su ma alamu ne da yake karantawa.

Na uku, da mi aka yi ginin. Ginin laka ba aibi ba ne. Kakanninmu sun zauna cikinsa, yana da sanyi, kuma in ana yi masa yaɓe yana daɗewa. Aibin shi ne a sayar maka da laka da sunan siminti, a kuɗin siminti. Sannan shafen siminti ba ya kama laka sosai: ruwa na shiga ta bayansa, laka ta jiƙe ba wanda ya gani, waje yana nan sumul har ranar da zai zube gaba ɗaya. Ƙwanƙwasawa kaɗai na nuna wurin da shafe ya rabu da bango. Ko ginin bulo ne, kun san yadda ake yi a gidajen da aka gina don sayarwa: buhu ɗaya na kilo 50 a ja shi ya fitar da bulon da ya kamata buhu biyu su fitar, a hana shi ruwa, gobe a ɗora. Irin wannan bulon ƙusa ma tana kankare shi. Akwai ƴar na'ura da injiniya ke dannawa a jikin poto ta nuna masa kimanin ƙarfin kankaren ba tare da an fasa komai ba.

Na huɗu, dal da rufi. Kankare na bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, amma mai gaggawa ba ya jira. Ƙarfe kuma dole kankare ya rufe shi da kaurin santimita biyu da rabi zuwa uku. In bai rufu ba, ruwa ya same shi, sai ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki. Jan tabo a silin, ko ɓaron da ya faɗo ƙarfe ya bayyana, alama ce babba. Masani yana hawa saman dal ya ga ko ruwa na kwanciya, ko indararo na zubarwa nesa da gindin bango. In rufin kwano ne, yana leƙa cikin silin ya ga katako ko gara ta cinye shi, ya ga yadda aka ɗaure rufin da bango, don iskar farkon damina ba ta wasa. Sai maganar da dillalai ke yawan yi: "Alhaji, wannan ka iya ɗora bene a kai." Kada ka yarda da bakin kowa a kan wannan. Injiniya kaɗai ke iya faɗa, shi ma sai ya haƙa ya ga tushe ya san ƙarfen da ke cikin poto.

Na biyar, wuta. Wayar fitila kaurinta 1,5 ne, ta priz 2,5, kilim kuma yana son layinsa daban. A gidaje da yawa siririyar waya guda ce aka ja ko'ina, aka haɗa da salatif cikin silin. Ka tare, zafin Afrilu ya zo, ka kunna kilim da firiji da abin guga, waya ta yi zafi cikin katako busasshe. Haka gobara ke tashi mutane suna barci, a ce tsautsayi ne. Masani yana buɗe akwatin wuta ya ga ko akwai disjonkter mai katse wuta in ta kama mutum, ko akwai wayar ƙasa, ko haɗin kontar na halal ne. Kai kuma ka nemi takardun biyan NIGELEC da na ruwa na ƙarshe, kada ka gaji bashin wani.

Na shida, ruwa da masai. Wannan gwajin kowa na iya yi: a rufe duk pampon gida a tsaya gaban kontar. In tana juyawa, tiyo ya fashe wani wuri cikin ƙasa ko cikin bango, kuma ruwan yana cin tushe dare da rana. Farin gishirin da ke fitowa a gindin bango, fenti na ɓarewa daga ƙasa, warin danshi cikin ɗakin da aka rufe, duk alamun ruwa ne na hawa bango. A buɗe fosa a ga zurfinta da murfinta, don murfin masai da ya ruɓe yana iya ruftawa da mutum, yara ne kuma suka fi wasa a kansa. In da rijiya a gidan, a auna tsakaninta da masai, kada ya gaza mita 15, in ya kai 30 ya fi.

Duk wannan jikin gida ne. Takardu kuma aikin wasu ne daban, kada a haɗa. Injiniya ba zai gaya maka ko an sayar da gidan ga mutum biyu ba. Takardar sesiyon a je meri a tabbatar da ita cikin rajista. Titir fonsiye a je ofishin filaye a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki. Mai awon fili ya zo ya nemo turakun iyaka, don katanga na iya shiga titi ko filin maƙwabci. In gidan gado ne, sai an ga yardar magada duka a rubuce, har da mata da waɗanda ke tafiya. Kuɗi kuma a biya gaban noter. Takardar hannu da shaidu biyu a majalisar shayi ita ce ke cika kotunanmu da shari'ar filaye.

Yanzu ga sharuɗɗan da nake ganin in babu su binciken wasa ne. Kai za ka zaɓi masanin, kai za ka biya shi. Wanda dillali ya kawo, na dillali ne, shi kuwa dillali la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki. Kada ya zama wanda ya gina gidan, kada ya zama mai jiran a ba shi kwangilar gyara, don wannan zai ga aibi ko'ina. Ka tambayi takardar karatunsa da gine-ginen da ya taɓa bi. Kuɗinsa a yanke tun farko, ko an saya ko ba a saya ba. Ka kasance a wurin da kanka, da rana, ka yi tambaya ba kunya. A ƙarshe ya ba ka rubutu da hotuna da sa hannunsa, ya raba aibin gida uku: wanda ke iya kashe mutum, wanda zai ci kuɗi nan da shekara ɗaya ko biyu, da na kwalliya. Kowanne da kimanin kuɗin gyaransa. In da hali, ka ga gidan cikin Agusta, washegarin ruwa. In cinikin rani ne, to maƙwabta su ne daminarka, ka je ka gaishe su kai kaɗai ba tare da dillali ba.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko: "Kuɗin gida ma da ƙyar muka haɗa, ina kuɗin injiniya?" Mu yi lissafi. A ce ka biya jikka ɗari a kan gidan miliyon goma. Kashi ɗaya cikin ɗari kenan. Ɗan kawuna ya kashe abin da ya ninka haka sau da yawa, ban da haya, ban da baƙin ciki. Kuma rahoton makamin ciniki ne. In an rubuta cewa rufi na bukatar miliyon ɗaya, ka ajiye takardar gaban mai gida: ko ya gyara, ko ya rage, ko ka yi gaba. Wanda ba shi da halin injiniya, ya ɗauki tsohon magini amintacce da mai aikin wuta, ya biya su yininsu. Bai kai na injiniya ba, amma ya fi zuwa da aboki mai cewa "kai, gidan nan ya haɗu."

Na biyu, kunya. "Mai gidan Alhaji ne babba, abokin babana ne, in na kawo mai bincike kamar na ce ban yarda da shi ba." Wallahi wannan kunyar ta cinye dukiyar mutane da yawa. Alhajin ma mai yiwuwa bai san abin da ke cikin bangonsa ba, don yana kasuwa lokacin da ake zuba kankare. Bincike yana kare zumunci: gara a ga aibi yau a daidaita, da a gan shi baɗi a daina gaisawa. Mai gidan da ya ce ba za a duba ba, ko dillalin da ke cewa "akwai wani zai kawo kuɗi da yamma, ka yi sauri," sun riga sun ba ka amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Na uku: "Ai in an cuce ni akwai shari'a." Gaskiya ne, fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da kaya in an ɓoye masa aibi, dokar ƙasa ma ta san ɓoyayyen aibi. Amma kai za ka kawo hujjar cewa aibin na nan tun kafin ciniki, kai za ka yi ta zirga-zirga, mai gidan kuwa ya riga ya kashe kuɗin. Haƙƙin da sai ka shekara uku kana binsa bai kai binciken awa uku ba.

Na huɗu, wanda ya fi ƙarfi: "Shi masanin ma ana iya saye shi, kuma ba ya gani cikin bango." Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Ba wanda zai ba ka tabbacin cewa gida ba zai taɓa samun matsala ba. Abin da bincike ke yi shi ne rage makanta. Sa hannu a takarda kuma yana sa mutum ya yi tunani sau biyu, don sunansa ne a kai. A nan ne maganar ta wuce mai saye ta kai ga hukuma.

Bai kamata a bar talaka shi kaɗai da guduma a hannu ba. Meri ce ke yanka parsel, ita ke ba da izinin gini. In ta yanka fili cikin magudanar ruwa ta karɓi kuɗi, ba ta da bakin cewa mutane sun yi ganganci. Muna so kowace meri ta fito da taswirar wuraren da ruwa ke ci, a manna ta inda kowa zai gani, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Muna so ƙungiyoyin injiniyoyi da masu zanen gini su fitar da sunayen waɗanda aka yarda su yi wannan aiki a kowace jiha, da farashi sananne wanda ma'aikaci da ɗan kasuwa ƙarami za su iya. Muna so noter da bankunan da ke ba da bashin gida su riƙa neman rahoton masani kafin a sa hannu. Wannan ma hanyar aiki ce ga matasanmu da suka karanta gini suna zaune a fada ba abin yi.

Kafin hukuma ta motsa, mu fara da kanmu. Da yawanmu ba mu kai ga sayen gida ba tukuna, amma mu ne ake aikowa. Yayanka na Libiya ko Abijan ya turo kuɗi ya ce ka duba masa gida. Innarka ta karɓi gadonta tana son inda za ta zauna da marayu. Babanka ya yi ritaya zai zuba kuɗin sallamarsa duka wuri guda. Kai ne mai karatu a gidan, kai za a tambaya. Kada ka tura hoton fenti ta WhatsApp ka ce "ya yi kyau." Ka ce a dakata kwana uku, a kira wanda ya sani. Ko haya za ka kama, ka duba silin, ka duba gindin bango, ka tambayi maƙwabta yadda unguwar take cikin Agusta, don rufin da zai faɗo bai san mai gida da ɗan haya ba.

Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana shirin saye. Allah ya ba kowa muhalli na halal, ya tsare mu da iyalanmu.